Injin Kawu da Macen Kada a Fadamar Kalgo

Akwai abin da ya faru da ni a wata fadama kusa da Kalgo wanda ba na jin zai fita daga raina muddin ina numfashi. Sai dai tun farko ina neman afuwa, shekaru sun ɗan ja, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin nan a majalisa, kadan da ke cikinsa sai ya ƙara tsawo. Saboda haka inda na tabbata zan ce na tabbata, inda nake shakka kuma zan faɗa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na ƙauyen, don yawancin mutanen suna nan da ransu kuma ban nemi izininsu ba.

A lokacin na gama hidimar ƙasa, na dawo gida Gwandu ina jiran aiki. Ilimin halittu na karanta a jami'a, binciken da na yi a shekarar ƙarshe kuma a kan kwaɗi ne. Mahaifiyata ta gaji da ganina a zaure ina latsa waya, ta ce in tashi in tafi wurin yayanta in kama masa noman rani. Kawu yana da gonar shinkafa a bakin wani tafki, shi da babban ɗansa suke aikinta. Wannan ɗan nasa ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya, kuma taubashina ne, don haka bakinsa ba shi da linzami a kaina. Tun ranar da ya ji abin da na karanta ya raɗa mini Likitan Kwaɗi. Kafin mako ya zagayo har masu shayi haka suke kirana.

Ga wanda bai san noman rani a wajen ba, injin ban ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Tiyon da ke zuƙo ruwa gajere ne, tafkin kuwa kullum ja da baya yake yi idan rani ya tsananta. Don haka bayan 'yan kwanaki sai a kinkimi injin a gangara da shi, ana bin ruwan. Abin da ake nema kawai wuri ne shimfiɗaɗɗe da injin zai zauna daidai bai karkace ba.

Wata safiya taubashina da wani maƙwabcinsu suka gangara da injin Kawu, suka tarar da wani fili na yashi, sumul kamar an share shi da tsintsiya. Ina daga sama ina riƙe da ɗaya bakin tiyon, na ji taubashina yana cewa yau sun sami wuri kamar ɗakin amarya. Suka ajiye injin, ya ja igiya, injin ya tashi. Bai yi minti biyu yana ruri ba ruwan gabansu ya dare. Abin da na iya gani shi ne wani abu baƙi-baƙi mai faɗi ya fito a guje, baki buɗe. Ban taɓa sanin taubashina yana da gudu haka ba. Ya iso sama da takalmi ƙafa ɗaya, yana salati yana haki. Injin kuwa ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai har fetur ya ƙare, ya yi shiru.

Daga nan aka shiga damuwa. Duk wanda ya nufi injin da galan ɗin fetur, kafin ya kai rabin gangaren kadan ya taso. Aka yi jifa da duwatsu, aka buga gwangwani, bai yi nisa ba. Shinkafar Kawu kuwa ta ɗauki ciki, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi ko kaɗan. Maƙwabta ma tasu shinkafar a wannan matakin take, ba wanda zai iya sakin injinsa yini guda. Kwana biyu, ƙasar fangalan sama, wato 'yan filayen shinkafar da aka kewaye da kunya, ta fara tsagewa, ganyen ya fara naɗewa. Kawu mutum ne mai yawan raha, amma a kwanakin nan sai ya tsaya a kan kunya ya zuba wa gonar ido kawai. Abincin gidansa na shekara ne ke bushewa a gabansa.

A rana ta biyu bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai gari. Ina raɓe a baya, sai na ji mai gari ya ce wa Kawu, "Ina ɗan ƙanwar taka da ya yi karatun dabbobi? Matso nan, malam. Wanga kada, mai cin mutane ne ko kuwa?"

Gaskiya tun ranar farko wani tunani ya zo mini. Kadan da yunwa ta dame shi ba ya fitowa fili yana hargowa, laɓewa yake yi. Wanda ke kore mutane daga wuri ɗaya tak, akwai abin da yake tsaro a wurin. Na karanta wannan, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma da na ga idanun dattawa a kaina, sai na tuna ban taɓa ganin kada a daji kusa haka ba sai jiya. Na ce a raina, in na ce ba ya cin mutane, gobe ya kama ɗan wani fa? Sai na buɗe baki na ce, "To, ranka ya daɗe, abin ya danganta. Mai yiwuwa ne akwai dalili, kuma mai yiwuwa ne halinsa ne haka. Ba za a ce ba shi da haɗari ba, kuma ba za a yanke hukunci ba sai an yi nazari."

Taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri. Da kwaɗo ne ya tsare injin, da yanzu ya gaya muna sunan kakansa."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce shi nazarin da ya sani shi ne shinkafarsa ba ta kai jibi. Nan take aka yanke shawara a kira wani maharbi daga wajen Dodoru, wanda aka ce ya saba da irin wannan aiki, fatar kadan ce ladansa. Aka buga masa waya, ya ce zai iso gobe bayan azahar. A gefen tabarma akwai wani tsoho da bai ce uffan ba tun da aka zauna. Shi ne sarkin ruwan garin, wanda a da ba a shiga tafkin kamun kifi sai da izininsa. Da aka watse ya dube ni, ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Da magariba matar Kawu ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kai kam ɗan nan, ko sunanka anka tambaye ka, sai ka ce bari ka duba takarda." Cikin wasa ta faɗa, amma maganar ta shige ni.

Washegari da na idar da sallar asuba, gari ya waye, na tafi bakin tafkin ni kaɗai. Ban gangara ba. Na kwanta rub da ciki a saman gangaren, ƙarƙashin wata bagaruwa, na leƙa. Da na nutsu sai na fara ganin abin da tsoro ya hana mu gani. Daga bakin ruwa zuwa inda injin yake akwai hanya guda, shafaffiya, sawun ciki da jela, an bi ta an sake bi har ta yi santsi. Wannan sumul ɗin da ya burge taubashina, kwanciyar kada ce ta daddaɓe shi. A gefe kuma ga sawun guza ya kewaye wurin, ya tona wani ɗan rami. Guza ba ya wahalar da kansa a banza, ɓarawon ƙwai ne. Na bi sawunsa da ido har cikin ciyawar da ke kusa da ni, sai ga ɓawon ƙwai fari, dogo, ya fi na agwagwa girma da kauri, an fasa an shanye.

"Ka gani yanzu?"

Na zabura. Sarkin ruwa ne a bayana, da tsohuwar komar kamun kifi a kafaɗa.

Na ce, "Baba, mace ce. Ƙwanta na ƙarƙashin injin."

Ya ce, "Tun shekaranjiya na sani. Nan uwarta ma ta riƙa yi, can gaba kaɗan, kafin a share wurin a yi gona."

"To Baba, me ya hana ka faɗa jiya?"

Ya zauna a hankali ya miƙe ƙafa. "Na faɗa wa kawunka tun ranar farko. Cewa ya yi tsohon zance ne. Tun da injuna sunka zo, wa ke tambayar sarkin ruwa? Jiya da anka kira ka na ce Alhamdu lillahi, ga na boko zai faɗa su ji. Sai ka tashi kana ta auna magana kamar mai sayar da gishiri. Kai ka sani, ni na sani, ga ta za ta mutu yau don ba wanda ya buɗe baki."

Ya ƙara da cewa shi a ganinsa tafkin da kada ke ciki ya fi daɗewa bai ƙafe ba, don kai da komonta na hana ramin tsakiya cikewa da laka, kuma a ramin ne kifi ke fakewa har ruwan sama ya sauko. Ban san ko masu bincike sun tabbatar da wannan ba, kuma ba zan ce sun tabbatar ba. Amma mutumin ya fi shekara sittin yana kallon ruwan nan, ni kuwa makonni.

Na ɗauki ɓawon na nufi gona. Na sami Kawu da taubashina da wasu maƙwabta a kan kunya. Na riga na yi wa kaina alkawari kalmar wataƙila ba za ta fito daga bakina ba. Na ce, "Kawu, ba mai cin mutane ba ce. Uwa ce, a kan ƙwanta muka ɗora inji. In aka janye shi, aka bar mata wurin, ba ruwanta da kowa."

Ya juya ɓawon a tafin hannunsa. "Ka tabbata, ko ya danganta?"

"Na tabbata."

Don in ƙara wa maganata nauyi sai na ce ai doka ma ta hana kashe irinsu barkatai. Nan na yi kuskure. Wani maƙwabci ya ce, "To a kira dokar ta zo ta ba shinkafa ruwa mana." Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi ba jinin kada yake so ba, injinsa yake so. In injin ya hau sama kafin maharbi ya iso, shi ke nan. In bai hau ba, kar in sake yi masa magana.

Sarkin ruwa ya ce abin mai yiwuwa ne. Idan rana ta take, zafi kan kore ta ta shiga ruwa ta fake a inuwar ciyawa. A lokacin mutum ɗaya zai iya gangarawa ya ɗaura wa injin igiya, sauran su ja daga sama. Sai aka zo kan tambayar wa zai gangara. Kowa ya dubi ƙasa. Taubashina ya ce, "Ai ba a wahala. Likita ne ya rubuta magani, shi zai fara sha mu gani."

Na so in ce wani abu mai kama da ya danganta. Amma na ga idan na ja da baya, duk abin da na faɗa ya zama iska. Na ce zan je.

Wajen ƙarfe goma sha biyu, ko da ɗan wucewa, muka taru a saman gangaren. Uwar kadan ta bar yashin kamar yadda tsohon ya ce. Ya nuna mini wasu ƙulu biyu a kan ruwa kusa da ciyawa, ni da na ɗauka itace ne. Idanunta ke nan. Ya aika mutum biyu can ɗaya gefen tafkin su riƙa dukan ruwa da ƙwarya don hankalinta ya koma can. Sannan ya ce mini, "Kar ka dubi ruwa, ni ke duba maka. Kar ka taka tsakiyar yashin, bi gefe. In na ce hau, ko mi ke hannunka sake shi ka hau."

Taubashina ya kawo igiya ta biyu ya ɗaura mini a ƙugu, ya ja ya ƙulle tamau. Ya ce, "Wannan don in ta kama ka, mu samu ko rabi ne mu kai wa Gwaggo." Amma na lura sau biyu yana duba ƙullin.

Na yi bisimilla na gangara. Tazarar ba ta fi taku ashirin ba, amma ban taɓa tafiya mai nisanta ba. Yashin na ƙona tafin ƙafata, warin fetur da na laka sun cika mini hanci. Na durƙusa a gefen injin na zura igiyar a ƙarfen da ake kama shi. Ƙullin farko ya warware. Ina cikin na biyu na ji dukan ƙwaryar can ya tsaya, ashe su ma kallo ya ɗauke musu hankali. Na ja ƙullin, na ƙara wani a kai.

"Hau!"

Ban san lokacin da na saki komai ba. Na yunƙura zan ruga, sai na ji an fizge ni ta ƙugu. Mutanen sama, cikin ruɗewa, duk sun bar igiyar injin sun taru a kan tawa. Haka suka jawo ni a kan ciki kamar buhun taki, na iso da yashi a baki da hanci, gwiwoyina duk sun ɗaye. Ina tofar da yashi ina cewa, "Injin! A hankali, ta gefe!" Suka koma kan ɗaya igiyar. Injin ya karkata, ya taho yana jan tiyonsa a baya, har ya hau.

Sai a lokacin na waiwaya. Ta fito gaba ɗaya. Tana iya biyo gangaren, ba abin da zai hana ta, amma ba ta ko dubi inda muke ba. Ta tafi kai tsaye inda injin ya tashi, ta shinshina yashin, ta juya sau ɗaya, ta kwanta a kai. Ta buɗe baki ta yi wani huci mai kauri, sannan ta yi lamo.

Kawu ne ya fara magana. Ya ce a hankali, "Allahu akbar. Ashe ɗiyanta take tsaro. Mu ne munka shiga ɗakinta."

Ba a gama ɗaukar injin ba muka ji ƙarar babur. Maharbin ya riga lokacin da ya faɗa. Ya sauka da bindigarsa a naɗe cikin buhu, ya leƙa, ya ga kada kwance a fili, ba ko ciyawa tsakaninsu. Ya ce bai taɓa samun aiki mai sauƙin wannan ba. Wasu daga cikin matasa suka ce tunda ya zo a gama kawai, gobe ma wani na iya faɗawa hannunta. Yarjejeniyata da Kawu ta ƙare a kan inji, ban da ikon hana komai. Duk da haka na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, in aka harbe ta, kafin gobe guza ya gama da ƙwan, kuma ba kada ɗaya aka kashe ba, na tafkin gaba ɗaya aka kashe.

Kawu ya dubi maharbin ya ce, "Malam, mun ɗauko ka cikin rana, ka yi haƙuri. Inji nika nema, ga shi a hannuna. Mu tai gida ka ci abinci." Maharbin ya yi ta gunaguni, ya ce mutanen yanzu har kada suke wa zumunci. Amma ya mayar da bindigar cikin buhu. Da labari ya kai wa mai gari, ya sa aka shinge saman gangaren da ƙaya, ya ce ba mai sauka ta nan, mutum ko dabba, sai ruwan sama ya zuba. Ya kuma ce daga yau duk mai sauya wa inji wuri a bakin tafkin ya fara tambayar sarkin ruwa.

Aka kai injin can ƙarshen tafkin, maƙwabta suka haɗa tiyo da tiyo har ruwa ya isa gonar kafin la'asar. Ba zan ɓoye ba, fangalan sama guda biyu ba su farfaɗo ba. Da na yi magana tun ranar farko, da sun tsira, kuma har yau idan na tuna sai in ji nauyi. Kawu bai taɓa yi mini gori a kansu ba. Sauran gonar ta yi kyau, aka yi girbi lafiya.

Ina Gwandu, bayan ruwan farko, taubashina ya bugo waya yana ihu, ya ce in zo in ga marasa lafiyata sun fito. Na hau mota na je. Daga bayan shingen ƙayar muka hango su a bakin ruwa, ƙanana kamar ƙadangaru, wasu a kan bayanta, kwaɗi kuma sun cika fadamar da kuka. Ban ƙirga su ba, kuma ba zan ƙirƙiri adadi ba.

Tun daga lokacin na riƙa lura da yadda muke yi da waɗannan halittu. Guza, damo, mesa, hawainiya, da zarar an gani sai a nemi sanda, ba a tsaya an tambayi abin da ya fito da su ba. Sau da yawa mu ne muka matsa gona ko inji ko gini zuwa inda suke tun kakanni. Ba ina cewa kada abin wasa ba ne, yana da haɗari, kuma abin da na yi ranar nan ban shawarci kowa ya gwada shi ba tare da wanda ya san ruwan ba. Abin da na koya shi ne taka-tsantsan yana da wurinsa, amma idan mutum ya san gaskiyar abu, ya ɓoye ta a bayan wataƙila don kar a kama shi da kuskure, to ba hankali ya yi ba, kansa kawai ya tsare ya bar wasu da asara. Shiruna na yini biyu ya ci fangali biyu, ya kuma kusa cin ran uwa da 'ya'yanta.

Mutane da dama sun shaida wannan abu, daga masu jan igiya har masu dukan ƙwarya. Duk wanda ya karanta ya ga na sauya wani abu, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗa ba, ko na manta wanda ya cancanci a tuna da shi, don Allah ya aiko mini da gyara, zan karɓa da godiya. Musamman ina son jin ta bakin waɗanda ke saman gangaren, su gaya mini tazarar da ta rage tsakanina da ita lokacin da tsohon ya ce in hau, don ni ban waiwaya ba, shi kuma har ya rasu bai yarda ya faɗa mini ba.